Bayan shekara shida da aure matata ta faɗa mini abin da aka yi mata tana yarinya

Wani Magidanci, Mabera

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na ɓoye sunana, na kuma sauya wasu abubuwa don kada a gane gidan, domin maganar ba tawa ba ce ni kaɗai. Yau kwana goma sha ɗaya ina ɗauke da ita, kuma cikin waɗanda suka san fuskata babu wanda zan iya faɗa wa.

Ni tela ne, shagona na wajen Babbar Kasuwa. Shekararmu shida da aure, muna da 'ya ɗaya mai shekara huɗu. Matata mutuniyar kirki ce. Mahaifiyata ta yi jinyar wata uku, ita ta riƙe ta, ko tsaki ban taɓa jin ta yi ba. Amma tun makon farko na san akwai abin da ba daidai ba. Duk sanda na kusance ta sai jikinta ya sandare, ta kafe ido a sama, kamar an bar mini gangar jiki mai shi ta tafi wani wuri. Wani lokaci hawaye ne kawai ke gangarowa, babu sauti. In na tambaya ta ce ba komai, mara ce ke mata ciwo. Da farko na ce kunyar amarci ce. Da shekara ta zagayo na daina cewa kunya.

Akwai wasu abubuwan da ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. In tana girki na zo ta baya na dafa kafaɗarta, sai ta zabura har ludayi ya faɗi. Ba ta kwana cikin duhu, in an ɗauke wuta fitilar caji na kunne har asuba. Kun san zafin Sakkwato a watan Afrilu, kowa ya fito da tabarma tsakar gida, ita kuwa tana ɗaki ta sa sakata, gumi na tsiyaya. Wata ƙaramar Salla na sayo turaren kwalba, irin mai maiƙon nan da ake shafawa a hannu, ina shiga ɗaki ta fita da gudu ta yi amai. Ranar na yi fushi ƙwarai, na ɗauka ni take ƙyama.

Yayyena mata suka haɗo mata kayan mata, tunda abin ba ya wuya a garin nan. Babu abin da ya sauya. Daga nan aka ce aljani ne ya aure ta. Na kai ta wurin masu ruƙiyya har uku, na sayi man zaitun da habbatus sauda da ganyen magarya. A wurin na ƙarshe, da aka rufe ƙofa mutumin ya matso kanta yana karatu da ƙarfi, sai ta ƙwalla ƙara tana roƙo a buɗe ƙofa. Aka ce mini ka ji shi nan ya fara magana. Na yarda. Ni da kaina na danne mata hannuwa. In na tuna wannan yanzu abinci ba ya wuce mini maƙogwaro.

Abin da ya fasa maganar, suna aka yi a gidansu. Muna tsakar gida ana rabon waina, sai wani ɗan wan mahaifinta, wanda take kira Yaya, ya ɗauki 'yarmu ya ɗora a cinya yana mata wasa. Matata ta saki kwanon da ke hannunta, ta tsallaka mutane ta fizge yarinyar, ta fice ko mayafi ba ta gyara ba. Aka bi ta da ido, wata gwaggonta na cewa abin nata ne ya motsa. Da dare na tsare ta da faɗa, na ce ta kunyata ni gaban surukai. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta faɗa mini. Daga tana shekara takwas har zuwa sha ɗaya wannan mutumin yana ɓata ta, a ɗakinsa na bakin zaure, in an aike ta kai masa abinci. Turaren nan irinsa yake shafawa. Ta taɓa gaya wa mahaifiyarta sau ɗaya, ta sha mari, aka ce kada ta kuskura ta raba zumunci.

Jama'a, kun san abin da ya fara fita daga bakina? Cewa na yi, me ya sa ba ki gaya mini ba kafin aure. Na fita na zauna a dakalin ƙofar gida har aka kira assalatu. Da na dawo daga masallaci na tarar ta haɗa kayanta da na yarinya a jaka, tana zaune tana jiran takarda. Na ce ta mayar da kayan, ta mayar. Tun ranar muna gaisawa, tana girki, ina cefane, amma maganar ba ta sake tashi ba.

Ba zan sake ta ba, wannan ko a mafarki. Amma ga inda na tsaya. In na yi niyyar matsawa kusa da ita sai fuskar mutumin nan ta zo mini, sai kuma in ji kamar shekara shidan nan ni ma cutar da ita na yi ta yi ban sani ba. Ina taka keke a shago hannuna na rawa, jiya na ɓata wuyan rigar wani. Zuciyata na ce mini in je in same shi, ita kuwa ta sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Salla na tafe, dole a je gaisuwa gidansu, kuma yana nan a gidan, da matarsa, ga yara ƙanana cike da tsakar gida. Wanda ya san wannan abu, ko ya zauna da mai ɗauke da shi, don Allah ya gaya mini ta ina zan fara.

Inna, Gidan Igwai

Wa alaikumus salam. Na girme ka nesa, na aurar da ɗiya biyu, don haka bari in kira ka ɗana.

Abin da anka yi ma matarka an yi min ina shekara tara. Wanda ya yi ya mutu, shina gaban Allah. Shekara ashirin da uku ina ɗakin mijina kafin in iya buɗe baki, don haka shida da kaka gani da yawa, ni a wurina ta yi sauri, kuma alama ta cewa ta aminta da kai.

Wagga sandarewa bari in gaya maka yadda take daga ciki. Lokacin da abin ke faruwa ba ni da ƙarfin gudu, ba ni da bakin ihu, sai in ɗaga ido in riƙa ƙirga azarar ɗaki. Sha bakwai ce. In na kai ƙarshe in koma farko, har a gama. Da anka kai ni gidan miji ɗakin silin ne, babu azara ko ɗaya, amma wallahi ƙirgawa nike. Mijina ina son shi, bai taɓa cuta min ba. Jikina ne bai san bambancin hannun da ya zalunce shi da hannun halal ba. Kak ka ɗauka kai take gudu.

Abu na farko, ka koma ka janye tambayar nan da ka yi mata, yau, kada ta ƙara kwana. Ka duba: ta faɗi tana ɗiya ƙarama ta sha mari, ta yi shekaru tana tara ƙarfin sake faɗi, sai ta samu tuhuma. Ka zauna ƙasa inda take zaune ka ce, na yarda da ke, ba laifinki ba ne, ba inda za ki. Za ka maimaita ya fi sau ɗari kafin ya shiga, domin muryar da ke ce mata ita ta ja ma kanta ta riga ka zama a kunnenta. Kuma kalmar nan ta ɓatawa ka fid da ita daga bakinka. Matarka ba ta ɓaci ba. Zaluntar ta anka yi.

Abin da ya gyara tsakanina da maigidana ba wani babban abu ba ne. Ya koma yin sallama shi jira amsa, ko da ɗakin nashi ne. Ya daina zuwa ta bayana. Yac ce duk sadda nic ce a dakata, za a dakata. Ban yarda ba sai da na gwada. Daren da na fara cewa a'a na kwana ina jiran hukunci, ko ɗaure fuska, ko a rage kuɗin cefane. Da safe ya sha kununshi, ya tambaye ni ko akwai saura, ya yi min ba'a kan gishirin miyar jiya. Daga wanga kunu na fara yarda cewa jikina nawa na. Mun yi watanni yana riƙe hannuna muna hira, ba abin da ke biyo baya. Sai dai kak ka maishe ta ƙwai. Ku yi gardamarku ta cefane yadda kunka saba, in ba haka ba za ta ga tun da ta faɗi ka daina ganin macce, majinyaciya kaka gani.

Batun zuwa ka same shi, na san wutar da ke cinka. Amma labarin nata na. An taɓa jikinta ba da izininta ba, kada kai kuma ka ɗauki labarinta ka kai zaure ba da izininta ba. In ka je ka yi dambe, gobe garin duka sunanta za a riƙa kira, ba nashi ba.

Abu Hanif, Arkilla

Ɗan'uwa Allah ya ba ka ladan haƙuri. Ni a ganina abin da ya wuce ya wuce, shekara nawa yanzu? Ta yi tawakkali ta rungumi ƙaddara, tone-tone ba ya haifar da alheri a dangi. Kuma a tuna mata hadisin matar da ta ƙaurace wa shimfiɗar mijinta, kai ma kana da haƙƙi. In ka ga ba za ka iya ba, Allah ya halatta maka ƙari, ka riƙe ta da mutunci ka ƙara aure, kowa ya huta.

Malamin Islamiyya, Runjin Sambo

Abu Hanif, na san alheri kake nufi, amma ka ɗora hadisi inda ba wurinsa ba. Malamai sun yi bayani cewa wannan gargaɗi yana kan wadda ta ƙi ba tare da uzuri ba. Mara lafiya tana da uzuri, kuma wadda ke amai don ta ji ƙamshi, take sandarewa ba da sonta ba, ba taurin kai take yi ba. Ƙa'ida ce sananniya a shari'a cewa babu cuta babu cutarwa, kuma a Suratun Nisa'i an umarci maza su zauna da matansu da kyautatawa. Idan aka karanta wa irin wannan baiwar Allah hadisin tsinuwar mala'iku, abin da za ta ji shi ne har sama ma an goyi bayan wanda ya zalunce ta. Na ga wadda hakan ya kai ta ga barin salla.

Maigida, ka gaya mata an ɗauke alƙalami daga kan yaro har ya balaga. Babu zunubi ko ƙwayar zarra a kanta, kuma ba ta yaudare ka ba don ta yi shiru kafin aure. Yarda da ƙaddara ba ta hana jin ciwo, ba ta kuma hana neman magani. Ku yi azkar ɗinku, ka yi mata addu'a da bakinka a ɗakinku ƙofa a buɗe, amma kada ka sake kai ta inda wani namiji zai rufe ɗaki da ita. Zumunci kuma ba ya nufin a miƙa wa azzalumi yara. Ƙarin aure halal ne, sai dai in ka yi shi yanzu, fassararsa a wurinta ɗaya ce: ta faɗi gaskiya an hukunta ta.

Ma'aikaciyar jinya, Gawon Nama

Yayana, sannu da wannan nauyi. Na yi shekaru ina aiki a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma duk abin da ka lissafa, har turaren, mun san shi.

Matarka ba ita kaɗai ba ce. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa a Nijeriya mace ɗaya cikin huɗu, namiji ɗaya cikin goma, sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18. Mafi yawa kuma ba baƙo ne ke yi ba, wanda yaron ya sani ne.

Abin da ke faruwa a jikinta shi ne, akwai sashen ƙwaƙwalwa da aikinsa gadi ne, shi ke kaɗa ƙararrawa in ya hango haɗari. Yaron da aka yi ta tsoratawa shekara uku, a gidan da ya kamata ya zama mafakarsa, mai gadin nan nasa ba ya komawa barci. Ya haddace ƙamshi, duhu, ƙarar sakata, taɓawa ta baya. Da ya ci karo da ɗayansu sai ya kaɗa ƙararrawa tun kafin tunani ya ce ai wannan mijina ne. Jiki kuma in ba zai iya faɗa ko gudu ba, sandarewa yake yi. Shi ya sa cewa ta manta ba ya aiki, ba da tunani take yi ba balle ta bari da tunani. Ciwon marar ma kada ka ɗauka ƙarya ce. Akwai matan da naman wurin ke ɗaurewa da kansa saboda tsoro, su ji zafi na gaske, kuma likitocin mata suna da hanyar magance shi.

Ba kowa abin ke kamawa iri ɗaya ba. Wata gudun shimfiɗa take yi, wata ba ta iya cewa a'a ga kowa a kan komai, wata zargi da kishi ke cinye aurenta domin ba ta yarda akwai mai son ta tsakani da Allah ba. Haƙurin nan na matarka da kake yabo, ka lura da shi, wani ɓangarensa na iya zama tsoron ɓata wa mutum rai ne.

Ana samun sauƙi sosai. Babban maganin zama ne da masanin halayyar ɗan Adam, a bi abin daki-daki a kan saurin da ita ta zaɓa. Ƙwaya tana shigowa ne in akwai rashin barci ko baƙin ciki mai tsanani. Akwai sashen da ke wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, akwai kuma Cibiyar Nana Khadija a cikin Asibitin Ƙwararru, wadda aka buɗe musamman don waɗanda aka ci zarafinsu. Ka gaya mata akwai su, ka ce za ka raka ta, amma kada ka ja ta. Wuri ɗaya ne ba a jira: in ta fara cewa gara ta mutu, ko ku za ku fi hutawa ba ita, ranar za ku ga likita.

Kai ma kana buƙatar wanda zai saurare ka. Rawar hannu, ganin fuskar mutumin, jin kai mai laifi ne, duk suna samun mazan da matansu suka faɗa musu irin wannan. Abin da ka yi cikin rashin sani ka nemi gafararta sau ɗaya da gaske, kada ka mayar da ita mai rarrashinka kullum.

Inda zan ɗan ƙara a kan maganar Inna shi ne yaran gidan. Gaskiya ne labarin nata ne, amma mai irin wannan hali sau da yawa ba ya tsayawa kan yaro ɗaya. 'Yarku kada ta sake zuwa gidan ba idonku, wannan ba ya buƙatar izinin kowa. Sauran yaran kuma, in hankalinta ya ɗan kwanta, ka tambaye ta ita me take ganin za a yi. A ƙarshen 2021 Gwamna Tambuwal ya sa hannu kan dokar kare yara da dokar hana cin zarafin jama'a a jihar nan, saboda haka in ta zaɓi kai ƙara akwai inda za a tsaya. In ba ta zaɓa ba, ko babbar mace ɗaya mai hankali a gidan ta sani, ta hana aiken yara ɗakinsa, an rage ɓarna.

Ba suna

Ɗaya cikin goman nan da aka ambata, ni ne. Ina shekara goma, wani babba a unguwarmu. Yanzu ina da 'ya'ya uku. Matata na cewa ban da sakin fuska, ba na son a taɓa ni ina barci, na taɓa ture ta har ta bugu da gado, na ce mafarki na yi. Ta ɗauka wata nake nema a waje. Ban taɓa gaya wa ɗan Adam ba sai yanzu da nake rubuta wannan a cikin mota. Malam, matarka ta yi abin da ni na kasa shekara talatin. Ka riƙe ta da kyau.

Wani Magidanci, Mabera

Na gode, Allah ya saka wa kowa. Ɗan'uwa marar suna, na yi maka addu'a a sujada, kuma zan ci gaba.

Inna, na yi yadda kika ce. Bayan isha'i na yi sallama na tsaya har ta amsa, na zauna a ƙasa na faɗi kalmomin nan uku, na kuma nemi gafarar ranar ruƙiyya. Ba ta ce komai ba, ta yi kuka har yarinya ta farka. Da safe tana zuba mini koko ta ce, ba tare da ta dube ni ba, akwai 'yar ƙanwarta mai shekara bakwai da ake aike ɗakin nan da abinci, kuma tun ranar suna abin ke hana ta barci. Ta ce tana so ta gaya wa ƙanwar da bakinta, ni in tsaya a waje kusa. Mun sa ranar Alhamis. Gaisuwar Salla kuma ta ce mu je da hantsi mu gaida mahaifinta a zaure mu juyo, yarinya na hannuna.

Malama ma'aikaciyar jinya, ta ce Kware ba za ta ba, kada a gan ta a ce ta haukace, kuma ba za ta iya faɗin wannan magana gaban namiji ba. In mun je ɗaya daga cikin sauran biyun, za mu iya roƙon mace ta gan ta? Kuma ni zan fara zuwa in tambayo, ko sai da ita?